Idan banki ya riƙe maka haƙƙi, wa zai raba gardama? Tambayoyi da amsoshi don mutanen Damagaram

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga ma'aikata masu karɓar albashi ta banki, ƴan kasuwar Dole, matan da ke ajiya a asusun ƙananan rance, da masu motocin haya da ke biyan inshora kowace shekara. Amsoshin sun tsaya kan dokokin da ke aiki a Nijar, amma a wasu wurare an leƙa yadda wasu ƙasashe ke yi, don a ga abin da muke da shi da abin da ya rage mana.

Wane ne wannan mai shiga tsakani da ake cewa a kai masa kuka?

Mutum ne ko hukuma da ke wajen banki. Ba ma'aikacin bankin ba ne, ba kuma lauyanka ba ne. Aikinsa ya karɓi kokenka, ya nemi banki ya kawo nasa bayanin da takardunsa, ya auna biyun, sannan ya faɗi abin da ya ga ya dace. An samar da shi ne saboda yawancin rigingimun talaka da banki ƙanana ne a idon kotu, manya ne a aljihun mai su. Wanda aka cire wa jika 15 ba bisa ƙa'ida ba, ba zai ɗauki lauya ba, domin kuɗin lauyan ya ninka abin da yake nema. Bankuna sun san da haka. In babu wata ƙofa mai sauƙi, sai mutum ya ce Allah ya isa, ya kama gabansa.

Sharaɗi ɗaya yake bin wannan tsari kusan a duk duniya: ba a sauraronka sai ka fara kai kuka ga kamfanin da kansa, galibi a rubuce.

Na saka kati a na'urar cirar kuɗi, kuɗin ba su fito ba, amma an cire su a kont ɗina. Na je gishe sau da yawa ana ce mini in dawo. Ina zan fara?

Malam, a nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Ka tsaya a layi tun safe, ka isa gaban gilashi, ka yi bayani, yaron da ke ciki ya duba kwamfuta ya ce rezo babu, ko ya ce an tura maganar Yamai, ka dawo ranar Litinin. Kai a ganinka ka kai ƙara. A littafin banki kuwa babu inda sunanka ya fito. Ko da ka ɗaga murya har mai gadi ya zo ya ba ka haƙuri, ko ka bi ta hannun wani ɗan uwa da ya san shugaban reshe, duk ba su shiga lissafi ba.

Abin da ke shiga lissafi takarda ce. Hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, wato Commission Bancaire, ta fitar da umarni a 2020 kan yadda za a kula da koken masu hulɗa. Umarnin ya wajabta wa kowane banki ya samar da hanyar karɓar koke kyauta, ya ba mai koke shaidar an karɓa, ya kuma ba shi amsa cikin wata ɗaya. Watan nan yana fara ƙirguwa ne daga ranar da kokenka ya shiga hannunsu, ba daga ranar da ka fara zirga-zirga ba.

Don haka ka rubuta wasiƙa gajera, shafi ɗaya ya isa. A ce kai malamin makaranta ne daga Miriya. Ka sa sunanka yadda yake a katin shaida, lambar kont, lambar waya. Ka ce ranar kaza, da ƙarfe kaza, a na'urar da ke reshe kaza, na nemi jika 50, na'ura ba ta ba ni komai ba, amma saƙon waya ya nuna an cire. Ka haɗa da ɗan resin da na'urar ta fitar, in ta fitar, da hoton saƙon. A ƙarshe ka faɗi abin da kake so ƙarara: a mayar mini da jika 50 da duk wani caji da ya biyo baya. Kada ka cika ta da zagi ko tarihin duk wahalar da ka sha. Wanda zai karanta ta daga baya kwanan wata da adadi yake nema.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ka ce a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, ka tafi da ita gida. Wani ma'aikacin zai ce ba sai an buga ba, ai ya karɓa. Ka yi masa murmushi ka ce a dai buga. Resin na'ura kuma tawadarsa na gogewa da zafin aljihu, ka ɗauke shi hoto tun ranar.

Ni ban yi lakwal ba, ban iya Faransanci ba.

Wannan matsala ce ta gaske, kuma laifin tsarin ne, ba naka ba. Takardun duk da Faransanci suke tafiya. Ka samu ɗanka, ko wani ɗalibin jami'ar André Salifou na unguwarku, ko masu buga takardu a kwamfuta, ya rubuta maka. Amma ka sa ya fassara maka kalma bayan kalma kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, kuma lambar wayarka ce za a sa, ba tasa ba.

Wata ya cika shiru, ko sun amsa amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Sai ina?

Yanzu ƙofa ta biyu ta buɗe. Kana iya kai koke kai tsaye ga Commission Bancaire. An kafa ta a 1990, ofishinta yana Abijan, kuma gwamnan babban bankin ƙasashen takwas, wato BCEAO, shi ne shugabanta. Ba sai ka je Abijan ba, a rubuce ake aikawa. Bankinka na da nauyin sanar da kai hanyoyin da za ka bi in ba ka gamsu ba, saboda haka ka nemi adireshin a wurinsu. BCEAO ma tana da reshe a nan Zinder, ana iya tambaya a can.

Abin da za ka haɗa: wasiƙarka ta farko mai hatimi, amsar banki in akwai, takardun shaida, da ɗan bayani kan abin da bai gamsar da kai ba. Kwafi za ka aika, asalin takardu su zauna a wurinka. Ka kuma lura, ba a kama hanya biyu lokaci ɗaya: in maganar na gaban alƙali ko gaban wani mai sulhu, hukumar ba za ta sa baki ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya kan ƙarfin wannan hukuma. Ita ba kotu ba ce, ba ta zama don yanke maka diyyar ɓacin rai. Nauyinta ya fito ne daga cewa ita ke binciken bankuna, kuma tana iya yi musu gargaɗi, ta ci su tara, ta dakatar da shugabanninsu, har ta janye izinin aiki. Bankin da ya yi watsi da wasiƙar malamin Miriya ba zai yi watsi da wasiƙar da ta zo daga Abijan tana tambayar me ya sa ba a amsa wa malamin ba.

Akwai kuma hukumomin ƙasa masu lura da ingancin ayyukan kuɗi, waɗanda ake kira OQSF. Senegal ce ta fara kafa tata a 2009, da masu sulhu biyu, ɗaya na bankuna da asusun ƙananan rance da gidan waya, ɗaya na inshora, kuma kyauta suke aiki. Kodebuwa ta bi baya a 2016, Nijar ma ta kafa tata.

Nawa zan biya?

Koke a banki kyauta ne, koke ga hukumar sa ido ma kyauta ne. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin fotokofi da na aikawa ba. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu don ya tura maka dosiye gaba, aljihunsa yake yi wa aiki.

To in ni ban biya ba, wa ke biyan su? Ai an ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Alhaji, tambayarka na kan hanya, kuma ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun yi ta fama da ita. Ɗauki Ingila. Dokar 2000 ce ta kafa hukumarsu mai suna Financial Ombudsman Service, ta fara aiki a 2001. Kamfanonin kuɗi ne ke ɗaukar nauyinta, ta hanyar harajin shekara da kuɗin da ake caji kan ƙararrakin da aka kai su. Amma doka ce ta tilasta musu biya, ba kyauta suke yi ba, kuma ba su da ikon naɗa mai yanke hukunci ko sauke shi. Ana kuma buga hukunce-hukuncen ga jama'a, kowa ya gani.

An ga amfanin haka a badaƙalar inshorar bashi, inda bankunan Ingila suka yi shekaru suna liƙa wa masu karɓar rance wata inshora da da yawansu ba su nema ba, wasu ma ba su san an sa musu ba. Kafin a rufe karɓar koke a watan Agusta na 2019, mutane sun yi ta kai ƙara, kuma kuɗin da aka mayar musu ya haura fam biliyan 38. Bankunan da ke biyan hukumar su ne suka amayar da kuɗin.

Saboda haka in kana son auna ƴancin mai shiga tsakani, tambayar wa ke biya ba ta isa ba. Ka tambaya wa ya naɗa shi, wa zai iya korarsa kafin wa'adinsa ya cika, kuma ko yana bayyana wa jama'a yawan koken da ya karɓa da yadda suka ƙare. A ganina wannan na ƙarshe ne ya fi yi mana ƙaranci. Da a ce kowace shekara ana karanta a rediyo, da Hausa da Kanuri, bankin da aka fi kai wa ƙara da wanda ya fi jinkirin amsa, da an ga canji a gishe tun kafin a ci kowa tara.

Ofishin koke da ke cikin banki kuwa, ko da an rubuta masa suna mai daɗi a ƙofa, na banki ne. Matakin farko ne kawai.

Abin da mai shiga tsakani ya faɗa, dole ne banki ya bi?

Ya danganta da ƙasa. A Ingila kamfani na da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, mai koke na da wata 6 daga nan ya kai ƙara. In hukunci ya fito kuma mai koke ya amince, ya zama dole a kan kamfani. In bai amince ba, hanyar kotu na nan a buɗe gare shi. Ostireliya ma haka take yi tun da ta haɗe hukumominta wuri ɗaya a 2018. A Faransa kuwa shawara kawai mai sulhu ke bayarwa, kowane ɓangare na iya ƙi. Tsarin ƙasashenmu ya fi kusa da na Faransa.

Sai dai akwai wata doka da mutane ba su cika sani ba. Ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashe 17 har da Nijar, ta amince da dokar sulhu a Konakiri a watan Nuwamba na 2017. A ƙarƙashinta, in ɓangarori biyu suka sasanta suka sa hannu, yarjejeniyar ta ɗaure su, kuma ana iya kai ta kotu ko wurin notaire, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, a ba ta ƙarfin zartarwa. Lokacin da ake cikin sulhu ba ya cinye wa'adin kai ƙara, kuma abin da aka faɗa a zaman sirri ne. Ɗan kasuwa mai babbar rigima da banki yana iya neman wannan hanya a cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa a Yamai. Can ana biyan kuɗi, kuma sai banki ya yarda ya zauna.

Ni a asusun ƙananan rance nake ajiya, ba a banki ba. Ina da wurin kai kuka?

Kina da shi, Hajiya, muddin asusun na da izinin gwamnati. Matakin farko ɗaya ne: wasiƙa da hatimi. Bayan nan hukumar ARSM da ke Yamai ita ke sa ido kan waɗannan asusu. Manya daga cikinsu, waɗanda ajiyarsu ko bashin da suka bayar ya kai sefa biliyan 2, suna ƙarƙashin BCEAO da Commission Bancaire kamar bankuna.

Littafin ajiyarki shi ne shaidarki. Duk ranar da mai zagayawa ya zo karɓar kuɗi a shago ko a gida, ki tabbata ya rubuta ya sa hannu a gabanki. In kuma asusu ya durƙushe gaba ɗaya, wannan ya wuce maganar sulhu. Akwai asusun lamunin ajiya na ƙasashen takwas da aka kafa a 2014, wanda ke biyan mai ajiya har miliyan 1 da jika 400 in banki ne, jika 300 in asusun ƙananan rance ne da ke cikin tsarin. Abin da ya haura haka sai a jira rabon kadarori.

Adashe da masu karɓar kuɗi da alkawarin ninkawa cikin mako biyu ba sa cikin duk wannan. In uwar adashe ta gudu, sai mai unguwa, ƴan sanda ko kotu.

Kuɗin waya fa? Na tura wa lambar da ba ita ba.

Ka kira kamfanin nan take, ka ba su lambar shaidar turawa da ke cikin saƙon, don su tsayar da kuɗin kafin a cire. Kada ka goge saƙon. In ba a warware ba, ka je ofishinsu da wasiƙa. Kuɗin waya ko dai kamfani mai izinin BCEAO ne ke fitar da su ko wani banki ne ke tsaye a bayansu, don haka hanyar koke na kaiwa ga hukumar sa ido ɗaya. In kuwa wani ya kira ka ya ce ka ci kyauta, ka karanta masa lambar sirrinka da bakinka, da wuya mai shiga tsakani ya ɗora wa kamfani laifin. Wannan damfara ce, ƴan sanda za ka nufa.

Motata ta yi haɗari a hanyar Tanut, kamfanin inshora yana ta ja mini rai.

Inshora na da nata gida daban. Dokar CIMA ce ke aiki, wato dokar inshora ta bai-ɗaya wadda wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma a Nijar sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi ne ke karɓar koke in kamfani ya ƙi ji. Abubuwa uku kan kayar da masu mota. In ba ka biya kuɗin inshora ba kafin haɗari, babu lamuni, ko da wakili ya ce maka ka kawo daga baya. Sanar da kamfani na da wa'adi, galibi kwana 5 na aiki, sata kuma awa 48. Sannan haƙƙin kai ƙara tsakaninka da kamfaninka yana faɗuwa bayan shekara 2, kuma wasu na barin sa ya wuce suna jiran alkawarin baki. Ka riƙe takardar jandarmomi da hotunan mota. Ka kuma duba irin inshorar da ka saya: ta dole, wadda yawancin direbobi ke yanka don kauce wa tara a shinge, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran taka motar ba.

Ina da kont a wani banki a Kano saboda fatauci. Wa zan kai wa?

Dokar Najeriya ce ke kansa, Abijan ba ta da hurumi. Ka kai koke ga bankin, ka karɓi lambar shaidar koke. In mako 2 suka wuce ba a warware ba (wasu matsaloli kamar cajin da ya wuce kima ana ba su kwana 30), sai ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa na babban bankin Najeriya, CBN. Mutanen Magariya da Matamai masu mu'amala da na'urar POS sun fi kowa buƙatar sanin wannan.

Ba zai fi sauƙi in kai wa mai unguwa ko fada ba?

Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, kuma a rigimar bashi tsakanin maƙwabta ko ƴan adashe, sau da yawa nan ne maganar ke mutuwa. Banki kuwa umarninsa daga hedkwata yake zuwa. Shugaban reshe zai zo fada, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, amma ba shi da ikon yafe dala ɗaya sai Yamai ta yarda. Ka nemi albarkar manya in kana so, amma wasiƙarka ta riga ta shiga.

In daina biyan bashi har sai an warware?

A'a. Ka ci gaba da biya kana koke. In ka tsaya, tara za ta hau, kuma sunanka na iya shiga rumbun bayanan masu bashi na Creditinfo, wanda bankuna da asusu ke dubawa kafin su ba da rance. In ka tarar an sa ka ciki bisa kuskure, doka ta ba ka damar ganin bayananka da neman a gyara.

Wane irin koke ne ke da ƙarfi, wane ne ba shi da shi?

In banki ya ƙi ba ka rance, wannan ra'ayinsa ne na kasuwanci, babu mai tilasta masa. In ka sa hannu kan sharaɗi bayyananne daga baya ka ga ya yi maka tsada, nan ma da wuya.

Koke mai ƙarfi shi ne wanda ya dogara da ƙa'ida rubutacciya. Tun 1 ga Oktoba 2014 BCEAO ta sa ayyuka 19 su zama kyauta a bankuna, cikinsu har da buɗe kont da rufe shi, zuba kuɗi, takardar bayanin kont ta wata-wata, saukar da albashi, da turawa daga kont zuwa kont a banki ɗaya. In an caje ka kan ɗaya daga cikinsu, hujjarka a fili take. Kuɗin riƙe kont na yau da kullum da kuɗin kati ba sa cikin na kyauta, kada ka ɓata takarda a kansu sai in sun saɓa wa farashin da aka manna a bango. Haka nan ruwan bashi na da iyaka: a farkon 2014 an tsayar da ita kan kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun ƙananan rance, kuma majalisar ministocin ƙasashen takwas ce ke iya sauya ta. Ana lissafa ta ne da dukan caji, har da kuɗin dosiye, ba ruwan da aka faɗa maka da baki kaɗai ba. Ka nemi a nuna maka jimillar a takardar yarjejeniya.

In duk wannan bai yi ba?

Kotu na nan, kuma bin hanyar koke bai hana ka zuwa ba. A Yamai akwai kotun kasuwanci ta musamman; a nan babbar kotun Zinder ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma kotun ɗaukaka ƙara ma a garin take. Kafin ka shiga, ka sa lauya ya faɗa maka kuɗinsa da na sammaci, ka gwada da abin da kake nema. Takardun da ka tara tun farko, wasiƙa mai hatimi, amsar banki da ta hukuma, su ne zai fara tambayarka.